Faɗin Keken Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya Inna da jiki?

Ina farin cikin sanar da ke cewa ɗakin ƙasa da na yi alkawarin gina wa Inna a gidana ya kai matakin ƙarshe. Ta gama zaman benenki tana leƙen rana ta taga. An shimfiɗa tayil, an yi fenti, an sa ƙofa. Saura allon marmara da zan kafa a bakin ƙofar. Mai sassaƙa yana jira, ni kuwa na rasa kalmar da ta fi dacewa. A rubuta "An kammala", ko "An cimma buri", ko "An kai ga gaci"? Ke ce malamar makaranta, ki zaɓa mini.

Ki gaida Inna, aiki ne ya riƙe ni.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta amsa gaisuwar da ka aiko a takarda, tunda ƙafafunka sun fi nata ciwo.

Na ga ka sa hannu da "Injiniya". Wace makarantar ce ta ba ka ban ji labari ba? Ni magini na san ka, mai cokali da kwanon siminti, kuma ba abin kunya ba ne. Shekara uku kana gina ɗaki ɗaya tak. A ciki ka kammala tushe, ka cimma linta, ka kai ga gacin rufi, kowanne sai da ka ɗauki hoto ka tura wa dangi. Ita kuwa wata goma sha ɗaya rabonta da tsakar gida, don sai an nemo ƙarti huɗu kafin a sauko da ita. Likita ya ce rana da iska take buƙata, bai ambaci marmara ba.

Ba ni da kalmar da zan ba ka. Ka zo ka auna kekenta na guragu kafin ka tara mutane.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki, kuma na yafe.

Batun awo, ba za ki koya mini sana'ata ba. Keken Inna yana sitona tun da aka kawo shi gyaran taya. Na auna shi sau biyu, har na ƙara inci biyu. Tunda kin ƙi zaɓa, na sa an rubuta duka ukun. Yau ne buɗewa, ƙarfe huɗu. Direban da ya kawo takardar nan shi zai ɗauko ku, na haɗo shi da mutum huɗu.

Naki,
Injiniya

*

Auta,

Ina gaisuwa, don an koya mini.

Jiya ka sulale ta bayan gida kafin mu tafi, bari in ba ka ragowar labarin bikinka. Keken da ka auna tsoho ne. Wata bakwai ke nan da likita ya canza mata babba mai matashi, saboda ciwon ƙugu. Duk wanda ya hau benen nan sau ɗaya ya gan shi, har mai kawo mana gas ya san shi.

Da na karanta takardarka na so in hana tafiyar. Na tarar ta riga ta ɗaura sabon ɗankwali, ta sa an naɗe mata dardumarta. Sai na bari aka tafi.

Ka dai ga yadda tayoyin suka cije a ƙofar, mutanenka suka daina tafi, kai kana cewa a ɗan karkata keken, sai ka ce kabad ake shigarwa. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan ka gudu. Ta zauna a bakin ƙofar, ƙarƙashin allonka, ta daɗe tana leƙen gadon da ke ciki. Ta ce in karanta mata rubutun, na karanta duka ukun. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka, ya iya fenti." Aka ce a ɗauke ta a hannu a shigar, ta ƙi. Ta ce ɗakin da ba za ta iya fita da kanta ba, ai tana da irinsa.

An mayar da ita sama. Ban taɓa jin kunya da haushi irin na jiya ba, kuma kai ka ja mini.

Sai wata rana.
Yayarka

*

Yaya,

Barka da yau. Na fasa bangon da safe. Allon ya faɗo ya rabe biyu, yana nan cikin ɓaraguzai. Don Allah ki aiko mini da faɗin keken.

Auta

*

Auta,

Barka kadai. Ba zan aiko ba. Matakala ashirin da biyu ce, ka taho da abin awonka. Tun jiya ta sa na juya mata keken yana kallon ƙofa.

Yayarka