Zuwa ga Nafisa, a Ƙasar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na jami'a. Na san wayarki ba ta samun sabis a can ƙuryar arewacin Alaska sai kun shiga gari, shi ya sa na rubuta a shafina na intanet, duk ranar da kika buɗe ki gani.

Saƙonki na ƙarshe ya iso. Kin ce kuna yini rub da ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuna kallon yadda tsuntsayen bakin ruwa ke zawarci. Namijin ya kumbura ƙirji kamar balan-balan, ya tashi ƙasa-ƙasa ya ratsa ta kan macen yana gunji, ba ya barci sai gyangyaɗi, don kada wani ya riga shi. Kin ce akwai wani irin kuma, macen ce ke bin namiji, in ta yi ƙwai ta bar masa kwanci ta yi gaba. Da na karanta wa Mamanki, ta yi dariya har da tari. "Wannan ta fi mu wayo," in ji ta.

Ina tuna ranar da na ajiye tasi na kai ki bakin ruwan Soundview, kina 'yar firamare. Ƙananan tsuntsaye suna ta guje-guje a kan laka. Kika tambaye ni ina za su, na ce ban sani ba. Kika ɓata rai har gida.

Nafisa, a gadon asibiti Mamanki ta yi dariyar nan. Ciwon cikin da take cewa ba komai ba ne, likitoci sun ga ƙari, za su yi mata aiki mako mai zuwa. Ta rame ƙwarai. Ta hana ni gaya miki. "Alhaji, ka ƙyale yarinyar nan sai ƙwan sun ƙyanƙyashe, tun bara take jiran lokacin nan." Na ce to. Amma yau na ga ta kasa ɗaga kofin shayi, sai na ce mata zan rubuto miki. Ta juya fuska bango. Can ta ce in kunna mata kukan tsuntsun da kika naɗa kika turo mana, ta kara wayar a kunne har barci ya ɗauke ta.

Ban ce ki baro aikinki ba, ban kuma ce ki zauna ba. Na san in lokacin ya wuce sai baɗi. Ni dai ban san da wane ido zan dube ki ba, in wani abu ya faru ba ki sani ba.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya tsare min ke daga sanyin can, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri. In kin samu sabis, Uwata, ni za ki fara kira. Ki gama kukanki a kunnena, sannan in miƙa mata wayar.

Abbanki,
daga Bronx.