Wa Zai Sa wa Doguwa Zare?

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka ɗauke ni daga layin kekunan ɗinki, aka kai ni teburin yanka a sama. Ƙarin girma ne. Doguwa ta rungume ni, ta ce, "Ƙanwata, kar dai ki manta da mu 'yan ƙasa." Shekara shida kekena na jikin nata.

Alhamis, 6 ga Maris
'Yan sama akwai hira. Tare muka ci abinci, na yi dariya har da hawaye. Ban sauka ba.

Talata, 11 ga Maris
Ina tsaka da yanka sai na tuna. Zare! Idon Doguwa ya daɗe da rauni, ba ta ganin kafar allura. Ni ke sa mata, in miƙa hannu kamar zan ari almakashi, ba wanda ya taɓa ganewa. Haka ma ƙawancenmu ya fara. Kwana takwas ban tuna ba. Wace irin mutum ce ni?

Laraba, 12 ga Maris
Na yi niyyar sauka. Aiki ya yi yawa. Ƙarya nake, kunya ce.

Laraba, 19 ga Maris
An ce shugabar sashe ta kira Doguwa, wai aikinta ya ja baya, in bai gyaru ba za a sallame ta. 'Ya'ya uku gare ta. Wata a teburinmu ta ce tsufa ne, aka yi dariya. Ban yi ba, amma ban kare ta ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Mun haɗu a matakala. Na ce, "Yaya, zan riƙa leƙowa." Ta ce, "Haba, ki yi aikinki." Ko tsokanar da ta saba ba ta yi min ba. Da ma zagina ta yi.

Litinin, 7 ga Afrilu
Na sauka karɓo ma'auni. Matar da aka ba kekena ta miƙa hannu gefen Doguwa, ta janye, suna ta hirarsu. Ashe Doguwa ta gaya mata sirrin, ita ke sa mata zare yanzu. Aikinta ya tsira, alhamdu lillahi. Doguwa ta ɗago ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa shugabar sashe.
Na hau sama da sauri. Na ɗauka kuka zan yi, sai na ji kamar an sauke min kaya. Wannan ne ban so in rubuta ba.