Kwat ɗin Abdulrashid a Jikin Dogo

Shinkafi,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Kawuna Alhaji Wakili, a Agege.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kawu, ka ga fuskar Abdulrashid da idonka kafin a ja masa likkafani, ko kai ma labari aka ba ka? Na san ba haka ɗa yake buɗe wa kawunsa takarda ba, na kuma san za ka ce Armiya'u har yau bakinsa yana riga hankalinsa tashi. Ka faɗa, na ji. Amma tambayar nan ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da ita ba gaisuwar ma ba za ta sami hanyar wucewa ba. To, ta fita. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare ku daga sharrin birni kamar yadda muke roƙonsa ya tsare mu daga sharrin daji.

Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, geron bayan gari ya fara fitar da kai, amma gonarmu ta hanyar Badarawa bana ma ciyawa ce ta gaje ta, babu mai taka wurin. 'Yar'uwata Ummusalma ta sauka lafiya a Birnin Tsaba, an sami namiji, sai dai ba mu je suna ba saboda halin da hanyar Zurmi take ciki. Yayarka Inna tana cin abinci, tana salla a tsaye, wanda ya gan ta zai ce lafiya lau. Ba lafiya ba ce, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Na kira ka har na gaji, in ba a ce babu sabis ba sai a ce kana masallaci. Shi ya sa na damƙa wannan a hannun Shamsu direban tirelar shanu, don kada gobe a ce iska ce ta ɗauke maganata.

Ka tuna akwatin marigayi da ka aiko ta hannun Shamsun, ya sauke shi a Ƙaura na je na ɗauko. Ka san Inna da alkunya. Abdulrashid ɗan farinta ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce wancan yaron. Ko ranar da ka bugo ka ce zazzaɓi ya ɗauke shi har an rufe shi a can, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Da akwati ya iso ko leƙawa ba ta yi ba, ta ce a fitar da komai sadaka kamar yadda ake yi, kada tsinke ya saura. Manyan riguna da kaftanai suka tafi ga liman da maƙwabta. A can ƙasa sai ga kayan aikinsa na jirgin sama a naɗe cikin leda: kwat shuɗi mai duhu da maɓallai ruwan zinari, farar taguwa, wando mai karin guga kamar kaifin wuƙa, da ƙaramin bajo mai fukafukai a ƙirji. Na ce kada a bayar, kayan kamfani ne, Yaya Abdulrashid da bakinsa ya gaya mini duk wanda ya bar aikin sai an mayar da su. Aka ce in rufe baki, yaro ba ya sa baki a rabon kayan mamaci. Aka duba unguwa kaf ba a sami mai tsayinsa ba sai Dogo na gidan Malam Sule, aka miƙa masa.

Kai ma ka san Dogo. Ɗan kabu-kabu ne mai bin hanyar Badarawa da Galadi, wanda in ya ɗura ashar a tasha sai an ji a bakin gulbi. Ranar kasuwa ya saka kayan don wasa, 'yan'uwansa suna ta ihu suna ce masa direban jirgi, ina za a sauka yau. Kowa ya ɗauka abin na yini ɗaya ne. Kashegari ya sake fitowa da su, jibi ma haka. Sai aka lura ashar ta ɗauke. Ya daina jingina da babur yana tauna rake, yana tsayawa a miƙe, hannaye a haɗe a gaba, duk wanda ya doso ya yi masa murmushi ya ce sannu da zuwa. Yana karɓar ƙunshin tsofaffi ya ɗaure da kansa, ya tambaye su ko sun zauna daidai. Kafin a jima fasinja sun bar babura a jere suna jiran nasa. Matan da suka rantse ba su ƙara bin hanyar Galadi yanzu suna hawa bayan Dogo da goyo. In ka tambaye su sai su ce mai irin waɗannan kaya ba ya kai mutum ga halaka, ko mutanen daji suka hango shi za su kauce.

Wannan kam bai ba ni mamaki ba, haushi ya ba ni. Ni ban yi nisa a makaranta ba, a jikin jaridun naɗe tsire da littattafan da Yaya yake bar mini na ƙarasa koyon karatu, amma na karanta dalilin ɗinka irin waɗannan kaya, shi ma ya yi mini bayani. Ya ce mutum a sama matsoraci ne, ko attajiri ne ko malami, in jirgi ya girgiza ba taga yake kallo ba, fuskar ma'aikaci yake kallo. In ya ga kwat a goge, maɓalli a maƙale, fuska a sake, sai zuciyarsa ta koma wurinta. Ya ce ana hana su fita da taguwa a yamutse, don ranar da abu ya ɓaci, wanda ya yarda da rigarka shi ne zai bi umarninka. Amma Kawu, a bayan kwat ɗin Yaya akwai horo, akwai ƙofofin tsira, akwai matuƙi. A bayan kwat ɗin Dogo me ke akwai? Tsohon babur mai tayar da ta sha faci, da daji a dama da hagu. Na tsaya a tasha na ce da mutane kama da wane ba ta wane, suka ce hassada ce ke cina don ba ni aka ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɓata maka lokaci ba. Wata hantsi ina shagon cajin waya na hango Dogo zai ɗauki wata mata 'yar Badarawa da jaririnta. Kafin ya tayar da babur sai ya tsaya a gabanta, ya miƙe hannayensa biyu gaba, yatsu a haɗe, sannan ya buɗe su dama da hagu, sannan ya nuna baya. Na matso na ji yana gaya mata cikin sanyin murya cewa in wani abu ya faru a hanya ga inda za ta bi, kada ta tsaya ɗaukar kaya, kuma ta fara samun numfashinta kafin ta taimaki yaron. Wannan shi ne wasan da Yaya yake mana a tsakar gida duk sallar da ya zo, yana kwaikwayon yadda suke nuna wa fasinja ƙofofi, muna dariya, Inna tana bayan labule tana yi kamar ba ta kallo. Dogo bai taɓa shiga cikin gidanmu ba tun da ya girma, bai taɓa ganin cikin jirgi ba, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Na lallashi kaina na ce wataƙila a gidan kallo ya gani. To, a wane gidan kallo ya ga yadda Yaya yake shafa bajon nan da babban yatsa kafin ya fara magana? Shi ma ya shafa, ina tsaye ina gani.

Kulsumu matar Dogon ta shigo wurin Inna ba ta same ta ba, sai ni ta zazzage wa. Ta ce mijinta bai taɓa yi mata kirki kamar yanzu ba, kuma ba ta taɓa tsoronsa kamar yanzu ba. Ta ce da can in tuwo ya yi sanyi sai unguwa ta ji, yanzu ko gishiri ta manta sai ya ce ya gode, ya yi murmushin nan da ba ya kaiwa ido. Ta ce ba ta taɓa wanke kwat ɗin ba, ba ta ga ya wanke ba, ga damina, ga taɓon hanyar Galadi da yake kaiwa gwiwa, babur ya dawo kamar an tono shi, amma wando ko ɗigo babu. Ta ce da azahar, rana tana dukan kwano, ta kai hannu ta taɓa kafaɗar kwat ɗin ta ji shi da sanyi kamar gindin randa. Ta roƙe ni in karɓi kayanmu in mayar mata da mijinta, ko da ashar ɗinsa.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro. Inna ta san Dogo tun yana yawo ba wando, da sunansa take ƙwala masa kira ta aike shi niƙa, ta zage shi in ya daɗe. Ran nan ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama zai ba da saƙo, ina zaure. Inna ta fito, ta ɗaga ido ta gan shi, sai ta ja mayafi ta kau da kai, ta juya ta koma ciki ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta kira ni ta ce in kai wa wancan yaron ruwa. Wancan yaron, Kawu. Tun daga ranar sunan Dogo bai ƙara fita daga bakinta ba. Tana ɗiba masa fura a kwanon Yaya ta ba da a kai masa tasha, in ya wuce ta leƙa ta bayan labule tana yi kamar ba ta kallo. Da na yi mata magana, sai ta tambaye ni a hankali, wa ya ga gawar? Ta ce ita dai murya ta ji a waya, sai akwati. Ta ce gani ya kori ji, ita kuwa ga abin da idonta yake gani. Ni ma ɗin kuwa muryar na ji, ni ma akwatin na ɗauko. Ga shi yanzu ta ɗaure kayanta, ta ce da an yanke gero za ta hau bayansa zuwa Galadi ta ga ƙanwarku Salima, hanyar da ko maza sai sun yi alwala suke shiga. Ta ce a bayan wancan yaron babu abin da zai same ta.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na je tasha da tsakar rana, a gaban kowa, na ci kwalar kwat ɗin na ce ya tuɓe kayan ɗan'uwana ko in tuɓe masa. Dogon da na sani da tuni mun kai ƙasa. Wannan ko motsi bai yi ba. Ya kalle ni, ya cire yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya gyara kwalarsa, ya shafa bajo, ya ce in yi haƙuri in koma in zauna, ba mu sauka ba tukuna. Kawu, ni da ko kai ba ka taɓa sa ni na yi shiru ba, na waiwaya na sami benci na zauna. Sai da ya tayar da babur ya ɓace na gane a zaune nake, hannuna kuwa har la'asar bai daina sanyi ba. Ni ban yarda da fatalwa ba, wanda ya mutu ya tafi, haka addini ya koya mana. Amma in riga ta iya zaunar da ni, yaya za ta yi da tsohuwar da ba ta ga kabarin ɗanta ba, ba ta kuma yarda ta yi kukansa ba?

Ka gaishe mini da Inna Nazifa, ka ce ina tambayar ƙafarta. Ka gaishe da Zaharaddeen da Auwalu da sauran yara, da duk mutanen Shinkafi da ke zaune tare da ku. Ummusalma da mijinta ba su san na rubuto ba, amma na san da sun ce a gaishe ka. Allah ya jiƙan Abdulrashid in ya riga mu, ya sa can ta fi masa nan.

Sauran magana ɗaya. Kai ka buga waya, kai ka naɗe kwat a leda ka aiko maimakon ka mayar wa masu shi, ta'aziyya kuma ba ka zo ba ka ce hanya. Irin hanyar nan Inna take shirin bi. Ba na son amsa a waya, ba na son saƙo a bakin Shamsu. Ka biyo tirelarsa ka zo kafin a sa wa gero lauje. Ka tsaya a ƙofar gidanmu bayan an sauko Juma'a, ga liman, ga Malam Sule, ga Dogo cikin kwat ɗinsa, ga yayarka a bayan ƙyaure inda za ta ji da kunnenta. Ka ɗaga murya ka faɗi wanda ya yi masa wanka, da maƙabartar da aka kai shi, da hannun da ya sa shi a rami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ga fuskarsa, ka rantse ka gani, Inna ta yi kukanta, mu tuɓe wa Dogo kaya ko da mutum goma ne. In kuwa ba ka gani ba, to ka dubi mai kwat ɗin nan ido da ido, ka gaya wa mutanen Shinkafi wane ne yake ɗaukar matansu a babur.

Ɗanka mai jiran ganin ƙeyarka a ƙofar gida,
Armiya'u.