Na Kashe Ɗaukar Oddvar Saura Minti Takwas

Eilif, kai mai amsa wasiƙunmu a mujallar nan ta masu sauraron rediyo, ka taimake ni. Wasiƙar nan sau huɗu ina rubuta ta ina gogewa, kuma za ka gani a gaba cewa gogewa ce sana'ar da na fi ƙwarewa a kai kwanan nan.

Shekarata sittin da takwas. Na koyar da lissafi a sakandare har na yi ritaya. Matata Solfrid ta rasu shekara huɗu ke nan, ba mu haihu ba. Ina zaune a hawa na uku a tsakiyar gari, inda fitilun maƙwabta da cajar motocinsu suka cika iska da hayaniya, in ka kunna rediyo a matsakaicin zango ba ka jin komai sai ƙara kamar ana soya kifi. Da na daɗe da barin sauraro in ba don wani mutum ba, wanda zan kira shi Oddvar.

Oddvar ya girme ni da shekara tara. Yana zaune shi kaɗai a wani tsibiri, tafiyar awa uku a mota da minti arba'in a jirgin fito. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana injiniya a tsohuwar tashar da ke karanta wa masunta labarin yanayi. Yana da eriya, waya ce mai tsawon mita ɗari shida da ya ja ta kan shingen tumaki ta fuskanci Alaska. A ƙarshenta, cikin rumbunsa, akwai rediyon da manhaja ke sarrafawa da 'yar kwamfuta wadda ba ta kai sabulun wanki girma ba. Babu maɓallin murɗawa, babu allo. Daga ɗakina nake shiga ta intanet, ta layin umarni, in rubuta mata zangon da nake so da ƙarfin da za ta ɗaga siginar da tsawon ɗaukar, ita kuma ta kwaso min duk matsakaicin zango gaba ɗaya ta zuba a fayil guda. Daga baya in zauna in tsefe shi tasha-tasha. A watannin duhu, lokacin da rana ba ta fitowa a nan arewa, da tsakar rana, nakan kama wani mutum a Alaska yana tallar tayar mota. Na san ba kowa zai gane daɗin wannan ba, amma masu karanta mujallar nan za su gane.

Asusu ɗaya muke shiga da shi, kalmar sirri ɗaya, sunan wata tunkiyarsa da ta mutu. Muna da wani ɗan fayil a can da muke bar wa juna layi ɗaya kullum. Shi ya rubuta, "Malamin lissafi, ka sake barin ƙarfin a sama, kana so ka kurmantar min da tumaki?" Ni in amsa, "Tsoho, tumakinka sun fi ka kunne." Shekara tara muna haka, sau huɗu kawai muka ga juna ido da ido. Bayan rasuwar Solfrid, akwai makonnin da layin nan ne kaɗai maganar da wani ɗan Adam ya yi min.

Ga abin da ya faru. An yanke shawarar rufe tsohuwar tashar ranar ƙarshe ta shekara, ƙarfe goma sha biyu na rana, aka gayyaci Oddvar ya hau tudun da tashar take ya kashe injin watsa shirin da hannunsa. Ya gaya min tun watan Nuwamba, na ce madalla, na manta ranar. Abin da yake so ba shirin bankwanan ba ne, wannan tashar tana da kwafinsa. Yana so ya ji yadda abin zai kasance a iska, ta eriyarsa: muryar ta ƙare, siginar ta tsaya ita kaɗai na 'yan daƙiƙu, sannan ta faɗi, shiru ya maye wurin. Wanda ke tsaye gaban injin ba ya jin wannan. Sai ya sa ɗauka ta awa ɗaya, daga ƙarfe sha ɗaya da rabi, ya sa rigar sanyi ya hau tudu.

Ni kuma na shiga saura minti takwas sha biyu ta cika, domin a kan awa ne tashoshin Amurka ke faɗin sunansu. Na ba da umarni, na'ura ta ce min wani aiki yana riƙe da ita. Ka san mutum biyu ba sa amfani da ita lokaci guda. Ka kuma san sau nawa tsohon aiki ke maƙalewa ya riƙe ta a banza. Ya faru da mu ya fi sau hamsin. Ban duba lokacin da aikin ya fara ba, ban duba sunan fayil ɗin ba, ban buɗe fayil ɗin gaisuwarmu ba, inda daga baya na ga ya rubuta, "Yau kada ka taɓa min komai sai ƙarfe ɗaya." Na nemo lambar aikin na kashe shi. Na sa nawa, na minti ashirin, na je na haɗa kofi.

Da ƙarfe uku ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai sau ɗaya a shekara. Yana dariya, amma irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Malamin lissafi, yau ɗalibinka ya faɗi jarrabawa." Na'urar ba ta san minti ba, sai ka ninka daƙiƙu da awo miliyan biyun da take ɗiba kowace daƙiƙa ka ba ta jimillar, lamba mai sifili rututu. Ya ce tabbas a nan yatsansa ya zame, ɗaukar ta yanke a minti ashirin da biyu. Ya ce shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin tashar ta yi shiru bisa kuskure ba, ga shi rana ɗaya da aka ce ya yi shirun da gangan ya kasa kama shi.

Eilif, a daidai lokacin fayil ɗina yana buɗe a gabana. Duk zangon na kwasa, tasharsa tana ciki, ina ganin layinta mai haske ya zo ya yanke a sha biyu da daƙiƙa arba'in. Sai na ji bakina yana cewa, "Kai, abin bai yi daɗi ba." Shi ke nan abin da na ce. Da muka ajiye waya na shiga na kwashe fayil ɗina zuwa gida, na share shi a can, na share tarihin umarnin da aka rubuta ranar, nasa da nawa. Don haka ko ya so ya duba lambar da ya rubuta, babu ita.

Yau sati goma. Ban sake ganin ya shiga ba. Kowace safiya ina rubuta umarnin da ke nuna waɗanda ke ciki, in ga ni kaɗai. Na bar masa layi goma sha bakwai, ba amsa. Na kira sau biyu. Ya ce kansa ya fara tsufa, ya ce ranar nan ma ya nemi tabaransa yana kan hancinsa, ya ce in ƙanƙara ta narke zai naɗe wayar ya aiko min da na'urar, "ka fi ni hannu yanzu." Na saurari shirun tashar nan tasa a fayil ɗina sau ɗari, ni da ba nawa ba ne.

In na ba shi fayil ɗin, na tona kaina, domin ba yadda za a yi in same shi sai in ni na karɓe na'urar. Na yi tunanin in ce wani mai sauraro ne a Finland ya aiko min. In na faɗi gaskiya ina tsoron ya canza kalmar sirri, kuma ba eriyar nake ji ba. Ba ni da kowa sai shi. Me zan yi?

Mai Saurare Daga Hawa Na Uku

*

Mai Saurare,

Ka fara da cire mutumin Finland daga ranka. Bawan Allah bai yi maka komai ba, bai ma wanzu ba, kada ka jawo shi cikin wannan. Oddvar zai buɗe fayil ɗin ya gane hayaniyar eriyarsa cikin minti ɗaya, kamar yadda mutum ke gane tarin matarsa a cikin taro. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa ko gwiwa ba zai kai ba.

Laifi biyu ka kawo min a ƙunshi ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, kashe aikin, kowa a cikinmu ya taɓa yi. Ni na taɓa kashe nawa da kaina, na kwana biyu ina zagin kamfanin da ya ƙera na'urar. Darasin farko da ake koya wa yaro kafin a ba shi lasisin magana a rediyo shi ne ya saurara, ya tambaya ko akwai mai amfani da zangon, kafin ya buɗe baki. Muna kiyaye wannan a iska, amma da mun zauna gaban baƙin allo sai mu ɗauka ba kowa a duniya sai mu. Shi ma Oddvar yana da ɗan kasonsa. Wanda zai ɗauki abin da ba zai maimaitu ba, ba ya barin sanarwa a inda sai an buɗe ake gani. Da a wayar nan ta ƙarfe uku ka ce masa ni ne, kuma ga shi na kama maka, da ya zage ka na minti biyar, da yanzu labarin ya zama abin dariyarku.

Na biyun ne babba. Ka ɗauki kuskurenka ka rataya wa tsoho a wuya, ka kuma ɗauke madubin da zai duba ya ga ba nasa ba ne. Sati goma mutum yana tuhumar ƙwaƙwalwarsa a kan laifin da ba ta yi ba. Kowa na neman tabaransa yana kan hancinsa, ni ma jiya na yi. Amma wanda ya riga ya yarda kansa ya fara tafiya, kowane tabarau shaida ne. Na karanta littattafai da dama a kan nadama, masu kauri, kuma duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe: mai nadamar ya shagala da ciwon da ke ransa har ya manta da wanda ya taka. Wasiƙarka ta fi su gaskiya, amma ƙarshenta a kan abin da za ka rasa ne.

Yanzu bari in ɗan tsorata ka. Kai malamin lissafi ne, ka yi wannan da kanka. Ɗaukar da ta ƙare don lambar da aka ba ta ta cika, girman fayil ɗinta yakan tsaya cif, da sifilai a wutsiya. Wadda aka kashe tana tafiya takan tsaya a lamba barkatai. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana karanta mitar inji, kana jin bai kalli girman fayil ɗinsa ba? Bai kuma lura tarihin ranar ya ɓace ba, a kwamfutar da mutum biyu kawai ke shiga? Ban ce ya sani ba, ban san shi ba. Wataƙila baƙin ciki ya hana shi dubawa. Amma mai yiwuwa ne ya sani tun a makon farko, yana zaune yana jiran abokinsa ya buɗe baki, kuma "ka fi ni hannu yanzu" ba yabo ba ne. In bai sani ba, kana bari yana rushewa. In ya sani, kowane layin barkwanci da ka bar masa ƙarin gishiri ne a miki. Ka zaɓi wanda ka ga dama, duka biyun jirgin fito ɗaya suke nuna maka.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka rubuta masa a fayil, kada ka kira. Ku mutanen layin umarni kun saba ku faɗi abu a kalma uku ku danna maɓalli ku gudu. Wannan ba ta shiga layi ɗaya. Zumunta a ƙafa take. Ka kwafi fayil ɗin yadda yake, ɗanye, kada ka tace, kada ka yanko masa wurin. Tasharsa ce, shi ya kamata ya nemo ta a cikin zangon da hannunsa, ya ga har yanzu ya iya. Ka shiga motar safe ranar Juma'a. Ka riƙa burodi da cukwi mai ruwan ƙasa, don kada ka tsaya a ƙofa hannu biyu suna lilo.

In ya buɗe, ka faɗi na biyun kafin na farkon. Ka ce ka share tarihin, ka bar shi yana zargin kansa, lambarsa daidai take. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ya fi buƙata, ka tabbata ta fita ko da zai rufe ƙofa a kanta. Sai bayan haka ka miƙa fayil ɗin, kuma kada ka miƙa shi kamar kuɗin fansa. Nasa ne, ka riƙe masa ne ba da izini ba. In ya zauna zai saurara, ka fita ka duba tumaki.

Ba zan yi maka alkawarin zai yafe ba. Mutanen tsibiri suna riƙe fushi kamar yadda suke riƙe busasshen kifi, ya shekara bai lalace ba. Yana iya canza kalmar sirri, kuma yana da haƙƙi. In ya yi, ka rasa aboki, amma ka mayar wa mutum hankalinsa, kuma abokin da kake tsoron rasawa ai sati goma ke nan ba ka da shi. In kuwa ya bar ka ka shigo, kafin ka tafi ku raba asusu kowa da nasa, ta yadda ɗaya ba zai iya kashe aikin ɗaya ba. Aikin minti biyar ne. Ku yi shi tare, shi yana rubutawa kai kana kallo.

Jirgin ƙarshe na dawowa da wuri a wannan watan. Ka tafi da buroshin haƙori, ko a gidansa ka kwana ko a ɗakin jira na bakin ruwa. Allah ya sa a gidansa ne, ya kuma daidaita tsakaninku.

Eilif Brattbakk