Ƙyallen da Sunansa Ya Ɓace Mini

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Wata yarinya ta zo daga gidan adana kayan tarihi, Rumaisa. Wai an ba ta tallafin bincike da tafiye-tafiye a kan masaƙun da suka mutu, an kuma gaya mata ina da akwati. Ina da shi. Shekara talatin da ɗaya ina kan injin buga atamfa a Bompai, duk sabon zanen da ya fito sai na yanki ƙyalle na adana. Kamfani ya sa lamba, matan kasuwa su raɗa suna. Sunayen suna kaina. Na ce ta gaida gida.

Alhamis, 10 ga Yuli
Ta dawo. "Baba, ƙarshen wata wa'adin tallafin zai cika. In na koma hannu rabbana, ba za su sake ba mu ba." Na ce su masu tallafin sun taɓa shaƙar warin rini? Shekarun baya wasu sun zo, suka ɗauki hoto, suka hau jirgi. A littafinsu aka rubuta "wani ma'aikaci". Wani! Ni Gali.

Asabar, 12 ga Yuli
Gwiwa. Ban fita ba.

Talata, 15 ga Yuli
Danshi ya shiga akwatin. Na shanya ƙyallayen a tsakar gida ina kiran sunayensu kamar kullum. Na zo kan wani kore mai tsani da tsuntsaye, shiru. Na tuna ranar da muka buga shi, har inji ya ci hannun rigata. Sunan ne babu.

Laraba, 16 ga Yuli
Na hau adaidaita har Panshekara wajen Idrisu, shi ke haɗa mana launi a da. Ya jujjuya ƙyallen, ya shinshina, ya yi dariya. Can ya tambaye ni ko ni ne mai gyaran famfo. Matarsa Ladidi ta ce tun bara haka yake. Mu goma sha biyu ne a sashenmu. Na yi ta tuno su a hanya, da ma ban fara ba.

Litinin, 21 ga Yuli
Rumaisa ta zo sallama, gobe za ta Kaduna. Akwatin ban bayar ba, ba kuma zan bayar ba. Na dai ce ta zauna tunda ana ruwa. Wayarta na kan tabarma tana ɗaukar magana, na yi kamar ban gani ba. Na buɗe akwatin ina ɗaga ƙyallayen ina kiran sunayensu, har muka kai ƙyalle sittin. Da muka iso kan koren na ce ta bar gurbi, ta tambayi tsofaffin 'yan kasuwar can.

Ta ce tana iya ɗage tafiyar zuwa jibi. Ban ce ta zo gobe ba. Na dai ce da hantsi kaina ya fi buɗewa.