Mijina Ya Ɗaga Ganyen Kwakwa, Yayana Ya Sare Masa Yatsu

Anti Doubra,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Kada ki buga sunan garinmu, sunayen da zan faɗa ma na canza su. Sana'ata bandar kifi. Mijina Tonbara masunci ne, yayana Ebikeme kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne shugaban matasan gari. Ɗayansu na shirin kashe ɗaya, ni kaɗai na sani.

Da damina bututun kamfanin mai ya fashe a bayan gari. Kin san yadda ake yi. Matasa suka ɗaura ɗanyen ganyen kwakwa a bakin rafi daga gaɓa zuwa gaɓa, ba mai shiga ba mai gyara sai masu ƙiyasta ɓarna sun zo an yi maganar diyya. Wanda ya taɓa ganyen nan ya taɓa gari. To mai ya yi ta zuba, mutane suna murna. Murna fa, Anti! Wai iya yaɗuwarsa iya girman diyya. Maƙwabciyata da rabon gidanta da kamun kifi tun ina budurwa ta tono tsohon tarun marigayi mijinta, ta tsoma a mai ta shanya a ƙofar gida. Har waɗanda suka tare a Fatakwal suka dawo suna nuna gonakin kakanninsu. Mu kuwa gidanmu ne na ƙarshe a bakin ruwa. Kifi ya taso ciki sama, rijiyarmu ta fara warin kananzir, 'yata Ebiere tana tari har da jini.

Tonbara ya je ya roƙi yayana a bari a toshe bututun kawai, diyya a ci gaba da nema. Ebikeme ya yi masa dariya a gaban jama'a, wai suruki ya zama karen kamfani, me suka jefa masa ya lasa? Mijina ba mai yawan magana ba ne, abin da ke ba ni tsoro da shi kenan. Ranar kasuwa da rana tsaka ya ɗauko masu gyara a kwalekwalensa, ya sa filafili ya ɗaga ganyen, suka wuce suka toshe.

Da ya dawo matasan gari suna jiransa a gaɓa. Suka ɗaure shi a turken jirgi, suka dake shi da filafilai har suka kakkarye, suka juye masa bokitin ɗanyen mai a ka, yana shiga idonsa yana ihu. Suka cinna wa kwalekwalen wuta. Matan da muke coci ɗaya suna tafi, suna cewa a ƙara masa, ya cinye musu abincin 'ya'ya. Na faɗa kansa, wani ya fizgo ni ta gashi ya yar. Sai yayana ya ce a miƙo hannun da ya riƙe filafilin. Ya ɗora shi a kan turke ya sara, yatsu uku suka faɗi a laka. Ina kallo, Anti. Nono ɗaya muka sha da mutumin nan.

Yanzu masu ƙiyasta ɓarna sun sa rana, za a yi taron gari Asabar mai zuwa. Ciwon Tonbara ya warke, amma ba ya iya jan taru. Kullum yana bayan ɗaki yana kurɓar ogogoro, giyar nan mai ƙarfi, yana koya wa hannun hagu sara a jikin kututturen ayaba. Addarsa ya wasa ta har tana aske gashi. Shekaranjiya ya gaya mini a natse, kamar mai zancen cefane, ranar taro zai cire wa Ebikeme hannu tun daga kafaɗa, in wuya ya shiga hanya ba ruwansa.

In na gaya wa yayana, yaransa za su jefa gawar mijina a rafi kafin Asabar. In na yi shiru, uwata za ta binne ɗanta. Kuma Allah na gani, wani lokaci in ina shafa masa mai a dungun nan sai in ji ni ma ina son ganin jinin Ebikeme a laka. Na yi tunanin in jefa addar a ruwa, ko in je in tsaya a jikin yayana ranar taron. Yaya zan yi?

Mai Banda Daga Bakin Rafi

'Yata,

Na ture sauran wasiƙu na sa taki a gaba, don Asabar ta matso. Sannu da wannan bala'i. Son ganin jinin da kike ji, fushi ne na wadda aka yi abu a idonta, kada ki tsani kanki a kansa.

Mijinki uba ne da ya ga 'yarsa na tofar da jini, ban ga laifinsa ba. Tsoron yayanki ma ba na banza ba ne. Garuruwa da yawa sun bari an toshe an share, daga baya aka ce babu shaida, ko a ce su suka huda bututun, suka tashi a tutar babu. Sai an yaudari mutane sun gaji kafin su yi murna da mai a ruwan shansu. Amma sare yatsun mutum ta'asa ce, hukuma ce kuma za ta yi hukuncinta, ba addar Tonbara ba.

Kada ki gaya wa Ebikeme, kada ki gaya wa wanda zai kai masa. Jefa adda a ruwa wahalar banza ce, wane gida ne babu adda a garinku? Tsayawa a jikin yayanki kuma ki cire shi a ranki. Mutum da giya a kai da hannun hagu marar saiti, ke za ta samu.

Ki fitar da mijinki daga gari. Tarin yarinyar nan yana bukatar asibiti a Yenagoa yau, idonsa da mai ya shiga ma haka. Ki ce ba za ki iya kai ta ke kaɗai ba, ki sa fastonku ya raka ku har cikin jirgin ruwa. A can ku karɓi shaidar likita ta yarinyar da ta hannunsa, ku nemi lauyoyin da ke tsaya wa garuruwan da mai ya ɓata, ku kai ƙarar saran. Ki kuma gaya masa gaskiya: ranar da jini ya zuba a taron nan sojoji za su shigo, kamfani ya ce rikicin gari ne ya naɗe tabarmarsa, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a kurkuku.

In ya ƙi shiga jirgi, ki tafi da yarinyar, ki wuce wajen 'yan sanda a birni ki faɗa musu abin da ya faɗa miki, su tsare shi har taro ya wuce. Zai ce kin ci amanarsa, wataƙila ya yi shekara bai kalle ki ba. Ki ƙyale shi ya yi ta fushin, tunda yana da ran da zai yi shi.

Allah ya ba Ebiere lafiya, ya sanyaya zuciyar mijinki, ya wayar muku da garin Lahadi babu gawa a gidan kowa.

Anti Doubra