Na Kai Jikana Bakin Ruwa Na Juya Masa Baya

Assalamu alaikum mai wannan fili, da ku masu karantawa. Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan zan ajiye a gabanku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Da ma ita ce, da in na kai ƙarshe sai in karkaɗe zanena in tashi. Ni tsohuwa ce, ko sunana ban iya rubutawa ba. Mai rubuta wa mutane wasiƙa na samu can nesa da unguwarmu, ina faɗa yana rubutawa. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kama ma ba na masu su ba ne. Kuma kada ku yi gaggawar tsine mini kafin ku ji ƙarshe, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

A Gyadi-Gyadi nake, gidan ɗana na fari, tun rasuwar mahaifinsa. Matarsa, ku kira ta Sa'a, nas ce a babban asibiti. Allah ya ba su ɗa namiji aka mai da masa sunan marigayi, ni kuwa bakina ba ya kama wannan suna, sai na sa masa Maigida. Yaro kyakkyawa, kamar ka wanke hannu kafin ka taɓa. Amma ya yi tafiya bai yi magana ba, sa'o'insa suka shiga makaranta bai yi magana ba. Ka kira shi ba ya waiwayowa, ka dube shi ya kau da ido. In an tayar da janareta a maƙwabta sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. In yana son abu sai ya kama hannuna ya ɗora a kai. Da bakinsa ya buɗe kuma, ba tasa maganar yake yi ba, abin da ya ji yake maimaitawa, da muryar mai maganar. In na tsokane shi na ce, “Maigida, yau ma ba cefane? To ni na yi yaji,” sai bayan kwana biyu ka ji shi a lungu yana jera marafan kwalba yana cewa, “Na yi yaji, na yi yaji,” da muryata sak. Mu yi ta dariya. Abu ɗaya ke sa shi ya natsu: ruwa. Ya wuni gaban baho yana kallon yadda yake zuba ta tsakanin yatsunsa.

Sa'a ta ce likitoci sun ba abin suna, wai otizim, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsa, ba mai ɗauke shi sai haƙuri da koyarwa. Na ce to. A baki na ce to. Amma ina da ƙawa tun ƙauye, Iya Tabawa mai daddawa, ita ce wata rana ta daɗe tana kallonsa gaban bahon nan ta ce, “Ke yanzu har sai an gaya miki? Wannan ai ɗan ruwa ne. An musanya muku tun yana cikin tsumma.” Na ce, “Tabawa, ki ji tsoron Allah.” Ta ce, “Tsoron Allahn ne ya sa na faɗa. A garinmu ya ake yi? A kai shi bakin ruwa da gumba, a tuɓe shi, a gaya masa ya koma, a juya baya kada a waiwaya. In na mutane ne za ki same shi zaune inda kika bar shi. In nasu ne su karɓi abinsu su dawo miki da naki, mai baki, mai gaishe ki.” Na kore ta ranar. Ita ta tafi, maganarta ta zauna. Mai baki, mai gaishe ki. Wace kaka ce ba ta son jikanta ya durƙusa ya ce mata ina kwana?

To, tun da soja suka koma bariki kowa ya sami bakin kafa ƙungiya, su Sa'a ma suka kafa tasu ta iyayen yara irin Maigida. Uwar tafiyar wata malamar makaranta ce daga Kudancin Kaduna, Kirista, tana zaune a Babban Giji, muna ce mata Maman Alheri, don 'yarta Alheri ita ma haka take. Su ne suka shirya bayan ƙaramar Salla a kwashi yaran a kai su wani dam su hau jirgin ruwa, wai su ma su sha iska kamar 'ya'yan kowa, a daina kulle su a ɗaki. Ɗana ya ƙi. Ya ce, “Yaron da ko bakin titi ba a sakin hannunsa, shi za ki kai tsakiyar ruwa?” Sa'a ta yi ta lallashi. Ta aro rigar nan mai soso da ke hana nutsewa, kullum ta sa masa ya zaga tsakar gida da ita har ya saba, ta yi ta nuna masa hoton jirgi. Ni ce na raba gardamar. Na ce wa ɗana, “Bar su su je, ai ina tare da su.” Sa'a har ta durƙusa ta yi mini godiya. Ni kuwa a ranar na jiƙa gero.

Ranar tafiya muka cika bas daga Tarauni, da kulolin abinci da tabarmi. Mata sai tsokanata suke: “Inna, riƙe mijinki da kyau, ga Alheri can tana harararsa!” Na ce, “Ta ɗauka mana, miji ba cefane ba kuɗin kitso, wa ya ƙi a rage masa kaya?” Aka yi ta shewa, gumba tana ƙulle a bakin zanena. Da muka isa, Maman Alheri da hannunta ta ɗaure wa kowane yaro rigarsa, ta ja igiya ta ƙulle tam, ta ce doka ɗaya ce: ba mai cire riga sai an koma mota. Muka shiga jirgi. Da aka tayar da inji ya toshe kunne ya soma ihu, uwarsa ta rungume shi tana yi masa raɗa, can da muka yi nisa mai jirgi ya kashe injin, duniya ta yi tsit. Sai Maigida ya sauke hannuwansa, ya leƙa, ya sa yatsu a ruwa, ya yi dariya. Dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Sa'a ta fashe da kuka don murna, ta ce, “Inna, kin gani? Kin gani?” Na gani. Ita ta ga ɗanta yana jin daɗi, ni kuwa zuciyata ta ce: ya ga gida.

Da azahar ta yi, matan suka tafi gindin bishiya yin salla. Yadda suka saba ke nan, in Musulmi za su yi salla sai Maman Alheri ta tsare yaran. Na je na ce mata, “Kawo Maigida in kai shi ya kama ruwa.” Ta ce, “To Inna, ga mijinki.” Ta sa hannunsa cikin nawa. Na zaga da shi bayan wasu duwatsu inda ba mai ganinmu. Na kwance ƙullin nan da haƙorina, na cire rigar, na ninke ta na ɗora a kan dutse. Na zaunar da shi, na ajiye gumba a gabansa, na sunkuya daidai kunnensa na ce, “Koma wurin naka. Ku ba mu namu.” Na juya baya. Wallahi ban je da niyyar kisa ba. Na gaya wa kaina in ɗan mutum ne zan same shi zaune. Amma ni da na raine shi, ban san ba ya ganin ruwa ya zauna ba? Na sani. Tun kafin in juya na sani. Na ji tafiyarsa cikin ruwan, caɓal, caɓal, na danne wuyana ban waiwaya ba. Sai tafiyar ta ɗauke. Sai na ji wani tari, irin na yaro in fura ta sarƙe shi. Na waiwaya. Ba maciji, ba hayaƙi, ba wani yaro da aka miƙo mini. Hannun jikana ne kawai yana buɗewa yana rufewa a saman ruwa, hannun nan da yake kama nawa in yana jin ƙishirwa.

Na kurma ihu. Wani masunci da ke gyaran komarsa ya faɗa ruwa ya tsamo shi. Sa'a ta sallame salla ta taho a guje, ta kwantar da shi tana danna ƙirjinsa tana hura masa baki, har ya amayar da ruwa da shinkafar da ya ci. Ni kuwa cikin ruɗanin nan abin da na fara yi, na sa ƙafa na ture gumbar cikin ruwa. Mai rubuta mini ya ajiye alƙalaminsa a nan, sai da na roƙe shi ya ci gaba, don ba a kai ga mafi munin ba. Da aka tambaya wa ke riƙe da shi, na buɗe bakin nan nawa na ce, “Ni na mayar wa Maman Alheri da shi na tafi alwala.” Ta dube ni, ta ce, “Inna?” Na ce, “Ko za ki ƙaryata ni ne?” Wa zai ƙaryata tsohuwa mai furfura da carbi a hannu? Ba ta yi musu ba. Ta ce, “Allah yana nan, Inna.” Ta ja hannun 'yarta ta shiga mota.

Kwanansa biyu a asibiti. Ranar da aka sallame shi ɗana ya ce wa Sa'a, “Na hana, kika nace. Kika ɗauki ɗana kika damƙa wa bare kika tafi.” Ta ce, “Yaron nan bai iya kwance ƙulli ba, bai iya ninke riga ba.” Ya ce, “To wa kike nufi? Faɗi mana!” Ta dube ni, na sunkuyar da kai ina jan carbi. Ta mai da idonta kan ɗanta. Ya ba ta saki ɗaya, ya ce yaro kuma ba inda za shi, kakarsa ta fi kowa iya riƙe shi.

Ga yadda kowa ya ƙare. Ƙungiya ta watse, iyaye sun mai da 'ya'yansu ɗaki sun kulle. Maman Alheri magana ta bi ta har wurin aikinta, har da masu cewa da gangan ta yi saboda ba addininmu ɗaya ba, matar da ke tsare mana 'ya'ya mu yi salla. Ta nemi a canza mata wurin aiki, ta kwashe kayanta daga Babban Giji. Iya Tabawa na nan tana sayar da daddawarta, cewa ta yi laifina ne da na waiwaya. Ɗana ya rame, ba ya cin tuwo sai na tsaya a kansa, kullum yana sa mini albarka wai ihuna ne ya ceci ɗansa. Sa'a tana gidansu a Daurawa. Maigida kuwa ya daina wasa da ruwa. Ya daina kama hannuna. In na ɗauko bokitin wanka sai ya maƙale a bango ya toshe kunne, ya yi ta faɗa da muryata, har da karin harshen ƙauyenmu: “Koma wurin naka. Ku ba mu namu. Koma wurin naka.”

Ranar Juma'ar da ta wuce Sa'a ta zo ganinsa, ta ji da kunnenta. Ta shigo ɗakina ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta ce, “Inna, kin san ba ya ƙirƙirar magana. A ina ya ji wannan?” Na ce, “Wataƙila a rediyo.” Ta dube ni ido da ido. Ta ce, “Ni ba zan taɓa kai wa ɗanki maganar mahaifiyarsa ba. Ba zai yarda ba, in kuma ya yarda ban san abin da zai zama ba. Amma iddata ta kusa cika, Inna. Kuma yaron nan kwana nawa rabonsa da wanka?” Ta tashi, ta wanke shi da tsumma a jiƙe tana yi masa waƙa, ta tafi.

Jama'a, in na faɗa, ɗana zai mai da matarsa, yaro ya sami uwarsa, a wanke baiwar Allahn da na shafa wa baƙin jini. Amma da wane ido zai dube ni? Ina za ni da tsufan nan in ya ce in bar masa gida? In ya yi mini abin da Allah zai kama shi saboda ni uwarsa ce, ba na sake jefa shi a wani ramin ba? In kuma na yi shiru idda ta cika, na raba aure, na raba ɗa da uwa, in tafi kabari da shaidar zur a wuyana. Ko na yi shirun ma, kullum da safe ɗana yana tsakar gida yana alwala, yaron yana ta maimaita maganar nan, jiya har uban ya tsaya da buta a hannu yana saurare. Na yi istigfari har harshena ya bushe, amma na ji malamai na cewa hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ni kuwa mutum huɗu na zalunta, ɗayansu ko na roƙe shi ba shi da bakin da zai ce ya yafe. Ku dubi girman Allah ku gaya mini tun kafin iddar nan ta cika. Me zan yi?